Abin da Ke Ƙarƙashin Dutsen Alwalar Kaka

Na manta abubuwa da yawa na gidanmu na Nima. Na manta launin ƙofar zaure kafin a sake mata fenti, na manta fuskokin rabin 'yan hayar da suka zauna da mu suka tashi. Amma abin da ya faru a kan dutsen alwalar Kaka, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Ko yanzu da nake da nawa 'ya'yan, idan na ga koriyar waya ta bi jikin bango ta shige ƙasa, sai na ji ƙamshin turaren tsohuwar nan a hancina.

Gidanmu irin gidajen Zongo ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, mita ɗaya, famfo ɗaya wanda ke kawo ruwa idan ya ga dama. Akwai Bazabarme mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, akwai Dagombawa, akwai Kotokoli, kowa da yarensa a ɗaki, amma a tsakar gida Hausa ce ke haɗa mu. Kakanmu namiji, mahaifin babana, shi ya gina gidan, kuma shi ya ja wayoyinsa da hannunsa, don aikin wutar lantarki ne sana'arsa. Ya rasu ina ƙarama, ban san shi sosai ba. Sai dai duk wanda ya tashi a gaban Kaka ya san shi ko bai taɓa ganinsa ba, domin ba ta iya shan kokon safe ba tare da ta ba da labarinsa ba. Babana direban babbar mota ne, kullum yana hanyar arewa. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ita ke riƙe da gida da sana'ar sobolo, wato zoɓo, da burkina, wato nono da gero mai sanyi, tana da wata tsohuwar firiza a baranda wadda ta girme ni.

A kusurwar bayan ɗakin Kaka akwai wani ɗan wuri da ba a shafe da siminti ba, faɗinsa bai wuce faranti ba, an ɗora masa shimfiɗaɗɗen dutse. Nan take alwala. Za ta jawo 'yar kujerarta ta katako, ta ajiye buta, ta ɗora ƙafa a kan dutsen, ruwa ya gangara ya shige ƙasa. Ko famfo ya yi fushi muna jigilar jarkoki daga unguwar Maamobi, ruwan alwalarta a nan yake sauka. Idan ba ta da lafiya ta yi a kwano cikin ɗaki, ni take aika in je in juye a wurin. Idan za ta yi tafiya ta bar wa Mma sallahu a riƙa zuba bokiti guda. Kuma idan damina ta ɗauke, takan ɗaga dutsen ta barbaɗa gishiri cikin tafin hannu ta mayar.

Ni da bakina ba ya shiru, na taɓa tambayarta dalili. Ta ce Kakanmu ne ya ce kada ta bar wurin ya bushe. Na ce to shi me ya ce dalilinsa? Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce ba ta tambaye shi ba, mu 'yan zamani ne ke tsare miji da tambaya kamar 'yan sanda. Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Abin ya taso ne a shekarun da wuta ke wasan ɓuya da mu, lokacin da ake ta kukan dumso, wato yawan ɗauke wuta, ni kuma na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. A shekarar ƙanin babana, Baffa, ya dawo daga Libiya bayan ya daɗe can yana aikin ɗinki. Mutumin kirki ne, yana son uwarsa kamar ransa, amma zuciyarsa a kusa take, kuma abin kunya yana kashe shi tun kafin ya faru. Ya dawo da burin gyara wa Kaka gida, ya sa tayil a tsakar gida, ya ɗaga mata daraja a unguwa.

Sai ga wata sabuwar 'yar haya ta ga Kaka tana barbaɗa gishiri a ƙarƙashin dutse. Ta faɗa a bakin famfo, daga bakin famfo magana ta fita lungu, daga lungu ta kai majalisar samari inda ake dafa shayi. Kafin ka ce kwabo, an gano dalilin da ya sa ɗakunan Hajiya ba sa zama babu ɗan haya, an gano dalilin da ya sa sobolon Mma ke ƙarewa kafin na kowa. Ba wanda ya tuna cewa Kaka ba ta matsa wa mai haya, ko cewa Mma ba ta rowar citta. Wata rana Baffa yana zaune a majalisa, wani ya ce masa cikin raha ya taimaka ya samo masa ɗan gishirin Hajiya, shagonsa ya yi sanyi. Baffa ya ajiye kofin shayi ya taho gida fuska a murtuke.

Ya durƙusa gabanta, ina gefe ina tsince shinkafa. "Hajiya, don Allah mene ne a ƙasan dutsen nan? Mutane suna magana fa."

"Babanka ya sa. Ni ban san ko mene ne ba."

"Baba ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Mu ne muke jin kunya a titi."

Kaka ta ce ya bar mata dutsenta, ta ɗauki casbaharta. A wurinta magana ta ƙare ke nan. A wurin Baffa kuwa, cewa ba ta sani ba ya fi komai tayar masa da hankali, don a ganinsa an sa uwarsa bautar abin da ba ta san shi ba.

Ranar wata Lahadi Kaka ta tafi biki unguwar Madina. Tana hawa turotro, motar haya, Baffa ya shigo da abokansa biyu da diga da shebur. Na ce masa Kaka ba za ta ji daɗi ba, ya ce in je in ga abin da Mma ke yi. Mma ma ta yi magana, amma matar wa ba ta da ta cewa a kan gidan uban miji. Suka ɗaga dutsen suka fara haƙa, mutanen gida suka zagaye su, na maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ba su yi nisa ba sai ga gawayi baƙi ƙirin, jiƙe, da gishiri ya dunƙule a jikinsa. A tsakiya ga wani sandan ƙarfe a kafe, ya yi kore saboda daɗewa, an naɗe kansa da waya tam kamar yadda ake naɗe laya. Jelar wayar kuma ta bi ta wani ɗan bututu ta shige cikin bango.

Wata mata ta ja da baya tana a'uziyya. Wani ya ce ai shi ke nan, an ɗaure gidan. Gaskiya ni kaina ban taɓa ganin abu mai kama da asiri irin wannan ba. Baffa ya yi bisimilla ya sa filaya ya datse wayar. Da ƙyar suka zare sandan, ya kai shi babbar gota ya jefa. Kafin la'asar sun cike ramin sun shafe shi da siminti.

Kaka ta dawo gab da magariba, sanye da atamfar bikin, tana ba mu labarin amarya. Ta ajiye jaka, ta ɗauki buta da kujera ta nufi kusurwarta. Har yau ina ganin tsayuwar da ta yi a gaban ɗanyen simintin nan, buta a hannu, babu wurin zama. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kira Baffa ba. Ta juya ta shiga makewayi ta yi alwalarta a can.

Baffa ya ɗauka ya kashe magana, ashe hura ta ya yi. Da, zargi ne ake yi. Yanzu an ga abu da ido. Kaka ta daina zuwa karatun mata na ranar Juma'a, ta daina zama a zaure da yamma tana amsa gaisuwar masu wucewa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina ba da labarin Kakanmu. Za ta sha kokonta shiru ta ture kwano. Wata rana ina matsa mata ƙafa ta tambaye ni a hankali ko da idona na ga abin. Na ce na gani. Ta ce da gawayi, da waya a naɗe? Na ce e. Ta kalli rufin ɗaki ta ce, "Duk zaman da na yi da mutumin nan, ban taɓa ganin ya taka ƙofar boka ba." Ba ni take wa magana ba. Na gane cewa ba sunanta kaɗai aka ɓata ba, an shiga tsakaninta da mijinta yana kabari, ba shi da bakin kare kansa.

Ba a yi sati ba firizar Mma ta fara cizo. Kana taɓa murfinta sai ka ji wani zirr ya bi yatsunka, musamman idan ba takalmi a ƙafarka. Firizar da muka tashi muna hawa kanta muna cin gyaɗa. Nan ma mutane suka samu abin faɗa: abin da aka tone ne ya fusata. Mma ta koma buɗe ta da silifa a ƙafa da tsumma a hannu. Baffa ya kira wani maƙwabcinmu mai gyaran fanka da dutsen guga. Mutumin ya kwance soket, ya duba, ya ɗauki guntun waya ya haɗa koriya da baƙa, ya ce ai duk gida ɗaya suke zuwa. Cizo kuwa ya tsaya cak. Baffa ya yi ta murna, har ya saya wa mutumin wake da shinkafa.

Sai damina ta kankama. Wata safiya aka tashi da ruwa da iska irin mai kaɗa kwanon rufi. Fanka ta tsaya, ƙwan fitila ya mutu, muka ce sun ɗauke, don a lokacin wannan ba labari ba ne. Ruwa ya feso baranda, Mma ta share shi ƙafa ba takalmi, sannan ta ce bari ta fitar da burkina kafin ta lalace. Tana kama murfin firiza na ji wani sauti da ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba. Hannunta ya manne, jikinta yana karkarwa, idanunta a buɗe. Na kurma ihu na kasa motsi. Baffa ya fito da gudu zai rungumo ta.

"Kar ka taɓa ta!"

Muryar Kaka ce. Tsohuwar da ke tashi daga tabarma da dabara, ban san yadda aka yi ta kai zaure ba. Ta sa sandarta ta finciko babban makunnin wuta ƙasa, Mma ta sulale ta faɗi. Daga baya Kaka ta ce abu biyu kacal mijinta ya koya mata a kan wuta, wannan makunnin da wancan dutsen.

Aka kwashi Mma zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran kwana a gaba: tafin hannunta ya ƙone, kafaɗarta ta daɗe tana ciwo, likita ya riƙe ta don ya lura da bugun zuciyarta. A gida kuwa tsoro ya kama kowa. Babu wuta, amma firiza ta kama mutum, wa zai ce ba aljani ba ne? 'Yar hayar nan har ta fara ɗaure kaya. Bazabarme mai albasa ne kaɗai ya ce shi fa tun safe yana jin rediyon maƙwabta tana magana, anya an ɗauke wuta kuwa? Da aka samu babana a waya, ya ce kada kowa ya ƙara taɓa komai, a je Maamobi a ɗauko Alhaji.

Alhajin nan yaron Kakanmu ne a da, a hannunsa ya koyi aiki. Yanzu ya yi furfura, yana da shago da ma'aikata, amma da ya shigo sai da ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Kaka. Ya buɗe akwatin mita, ya nuna wa Baffa baƙar waya da ta ƙone ta saki daga wurin da aka ɗaure ta. Ya kwance soket ɗin firiza, ya ga guntun wayar da aka haɗa, ya girgiza kai. Sannan ba tare da ya tambayi kowa hanya ba, ya miƙe zuwa bayan ɗakin Kaka. Ya tsaya yana kallon siminti.

"Ina sandan Maigida? Wa ya rufe nan?"

Baffa ne ya daure ya ba shi labari, da gawayin, da gishirin, da gota. Na zaci Alhaji zai yi dariya ko ya yi faɗa, amma sai ya nemi benci ya zauna, ya ce kowa ya matso.

Ya ce wayoyi uku ne a gidan. Ja ita ke kawo wuta. Baƙa, wadda masu aikin ke kira nutural, ita ke mayar da ita inda ta fito, don wuta ba ta shiga inda ba ta da hanyar komawa. Waɗannan biyun kullum a bakin aiki suke. Koriya kuwa, wayar ƙasa, ba ta ɗaukar komai a ranar lafiya. An ɗaure ta ne a jikin ƙarfen firiza da dutsen guga da duk abin da hannu ke taɓawa, ɗaya bakin kuma a jikin sandan da aka kafa a ƙasa. Idan na'ura ta tsufa wuta ta fara yoyo a jikinta, sai ta bi koriya ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Firizar Mma ta daɗe tana yoyo, ba mu taɓa sani ba, domin sandan yana shanyewa. Da aka cire shi sai ƙafafunmu suka zama hanya.

Baffa ya ce to ai da aka haɗa koriya da baƙa cizon ya tsaya. Alhaji ya ce nan ne aka yi gyaran gangar auzinawa. "Wanda zai cece ka, ka ɗaure shi da wanda zai iya faɗuwa? Yau baƙa ya yanke a mita. Wuta ya shigo gida, bai samu hanyar komawa ba, fanka ya tsaya, kuka ce an ɗauke. Ba a ɗauke ba kuraa, ko kaɗan. Yana nan a jikin firiza yana jiran wanda zai taɓa." Gawayi da gishiri kuma, ya ce haka masu aikin da suke yi don ƙasa ta riƙe laima ta karɓi wuta da sauƙi, busasshiyar ƙasa ba ta karɓa.

Kaka tana bakin ƙofarta. Alhaji ya juya wajenta, muryarsa ta sauka.

"Hajiya, ni na haƙa ramin nan da hannuna. Na ce, Maigida, ga fili a bayan ɗakuna, me ya sa sai nan? Ya ce sandan laima yake so, famfon Nima kuma ba shi da alkawari. Ya ce, a duk garin nan ruwa ɗaya na sani da ba ya yankewa, alwalar matata."

Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna rawa, ba mu san kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ni kam kuka na yi sosai, ban ji kunyar kowa ba. Can ta buɗe fuska ta share ido ta ce, "Ashe aiki mutumin nan ya ɗauke ni, ko albashi babu. Allah ya jiƙan ka, Allah ya sa ka huta." Baffa ya zube gabanta. Ta dafa kansa ta ce ya tashi ya nemo guduma, ba ta son alwala a makewayi.

Shi da kansa ya fasa simintin. Alhaji ya kafa sabon sanda na jan ƙarfe, ya auna da na'urarsa har ya gamsu, ya ɗaure baƙar wayar, ya raba ta da koriya, ya sa wani makunni mai yanke wuta da kansa da zarar ta fara yoyo. Ya ce a kai firiza gyara, ya ce gishirin ma a bar shi haka, yanzu an gane yana cin ƙarfe. Amma ruwa, ya ce Hajiya ta ci gaba. Aka wanke dutsen aka mayar da shi mazauninsa.

Juma'ar da ta biyo baya Kaka ta yi wanka ta sa turare ta tafi karatun mata, ni na riƙe mata jaka. Duk wadda ta tare ta a hanya sai ta ji labarin ruwan da ba ya yankewa. Washegari da koko ma shi aka sha, kuma da shi aka ci gaba da sha har ƙarshen rayuwarta. 'Yar hayar nan ta kwance kayanta, har takan kawo ruwan wankin shinkafarta ta juye a wurin ba tare da ta kalli kowa ba. Samarin majalisa kuwa suka koma bin Alhaji ya zo ya duba musu nasu gidajen.

Kaka ta rasu, Baffa ya yi furfura, tsakar gida ta sha tayil in ban da wannan kusurwar. Mma har yau tana da tabo a tafin hannu. Ni da muka kama haya a Madina, tambayar farko da na yi wa mai gida ita ce ya nuna mini inda sandan ƙasa yake, ya yi ta kallona kamar na zo da sabon yare. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, rashin sanin dalilin abu ba ya nufin abin ba shi da dalili, kuma tambayar wanda ya sani ta fi diga sauƙi. A kowane gida akwai masu aikin da kowa ke gani, akwai kuma abin da ke zaune shiru yana tsare rayukan mutane, ba a sanin amfaninsa sai an cire shi. Shi ya sa duk ranar da na je Nima, ko da alwalata na shiga gidan, sai na ɗauki buta na jawo kujerar Kaka na sake wata a kan dutsen.